Idon Hagu, Aikin Ottmar

Waltraud ce ta fara faɗa, kuma ba ta samu wurin faɗa ba sai shagon burodi, ranar Asabar da safe, lokacin da rabin matan garinmu Rehlach ke tsaye a layi da jakunkunansu. Ta juyo za ta ba ni hanya, hasken taga ya sauka a fuskata, sai ta tsaya tana kallona kamar ba tare muka yi makaranta ba.

"Hiltrud," ta ce, "idonki ɗaya ya tsufa ya bar ɗaya a baya."

Na ce mata ita nata biyun tare suka tsufa, kuma ban ga abin da hakan ya ƙara mata ba. Aka yi dariya, na karɓi burodina. Da a nan abin ya tsaya da ko tunawa ba zan yi ba, don Waltraud tun tana yarinya bakinta ke riga hankalinta fita. Abin da ban lura ba shi ne 'yata Roswitha tana can ƙarshen layi, kuma ita ba ta yi dariya ba.

Idona na hagu na gilashi ne. Wannan ba labari ba ne a garinmu, ko karnuka sun sani. Mijina Ottmar ke hura mini shi, sabo duk kaka, saboda hawaye na cin gilashi, shekara guda ta isa ya fara kaushi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na rasa na ainihin. Mu 'yan Ƙasan Gari ne, bakin rafi, inda ake yin ƙwallayen ado na Kirsimeti: maza su hura, mata su ɗura musu ruwan azurfa su girgiza a cikin ruwan zafi. Wata ƙwallo ta fashe a hannuna, ruwan ya fantsamo mini. Da ramin idon ya warke, mahaifina ya riƙe hannuna muka hau Kan Tudu wurin masu yin ido.

Su masu ido a sama suke zaune don su ke buƙatar haske. Kwarinmu matsattse ne, rafi ɗaya, titi ɗaya, layin dogo ɗaya, sauran gidaje sai dai su manne a jikin dutse, ƙofar wani daidai da rufin wani. Mu na ƙasa in sanyi ya kama sai mu yi makonni rana ba ta leƙo mu ba. Kakannin kakanninmu da suka shigo nan da tukunyar narka gilashi ba haske suka zo nema ba, itace suka biyo, da yashi, da ruwa, kuma sai da suka cinye dajin tsaf a cikin wuta sannan suka ɗaga kai suka ga ramin da suka zauna. 'Yan Kan Tudu da idon 'yar tsana suka fara, yaƙi biyu ya zo ya ba su mutanen da suka rasa ido, tun daga nan suke ganin sun fi mu, wai mu kayan wasa muke yi. Na auri ɗaya daga cikinsu, na hau tudun, amma ban taɓa bari sun manta daga inda na fito ba.

Roswitha ta same ni a kan matakalar dutse ina hutawa, don yanzu ba na hawa tudun nan da numfashi ɗaya. Ta karɓi jakar. Sai da muka shiga kicin ta ajiye ta, ta ja ni bakin taga, ta kama haɓata tana juya ni dama da hagu. Sana'ar ubanta ta gada, ita ke yawon birane da akwatinta tana yi wa mutane ido, kuma hannunta ba shi da lallashi.

"Sake ni," na ce, "ni ba saniyar kasuwa ba ce."

"Tsaya, Mama." Ta daɗe tana kallo. "Kullum fuskar mutane nake dubawa, taki ce ban duba ba. Na dama farinsa ya yi ruwan ƙwai, jijiyoyi sun fito, ga zoben toka ya kewaye koren. Na hagu kuwa fari tas, kore shar, idon budurwa. Ko ɗan koyo ba zai yi wannan kuskuren ba."

"To sai me? Na kawo miki ƙara?"

"Idon Baba ya tafi, Mama. Ba ya ganin bambancin."

Ni dai madubi ba abokina ba ne. Tun daga shekarar da na rasa idon na koyi wanke fuska da gyara gashi ba tare da na tsaya a gabansa ba, kuma abin da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba mai fuskar ke fara gani ba. Na ce mata tsofaffin sojojinsa da ke zuwa duk shekara ba wanda ya taɓa ƙorafi. Ta ce rabinsu da ɗayan ma ba sa gani. A nan ba ta yi ƙarya ba.

"Wata mai zuwa akwai yarinyar nan ta bayan dutse da za a ɗaura wa aure," ta ce. "Ni ina Leipzig lokacin, Baba ya ce shi zai yi mata. Ba zan bari ta shiga coci da ido biyu da ba su san juna ba. Kin san abin da ya kamata ki yi."

Na sani, shi ya sa na zauna a kan kujera ba tare da na cire kwat ba.

A Rehlach ba likita ke sauke mutum daga kan fitilar aikin gilashi ba, ba kuma 'ya'yansa ba. Matarsa ce. Abin ya samo asali tun kafin a kawo gas, lokacin fitilar mai, mace ke zama a gefe tana taka zugazugi da ƙafa. Ranar da ta ga aikin mijinta ya fara karkacewa sai ta ɗauke ƙafarta, wuta ta kwanta, ba mai cewa uffan. Gas ya zo, zugazugi ya koma ɗakin tarkace, amma har yau famfon gas ɗin yana ƙarƙashin tebur ta gefen da mace ke zama. Ita ke rufewa, ta zare mariƙin ta miƙa wa magaji. Ana cewa rufin asiri ne, don kada baƙo ya riga ta gani. Na yarda rufin asiri ne, amma na ga abin da ke biyo baya. Waltraud ɗin nan ta rufe wa mijinta Egon a farkon sanyi, ya koma bakin taga yana kallon jirgin ƙasa na wucewa, kafin ƙanƙara ta narke mun raka shi makabarta. Ba shi da wani ciwo da aka sani.

"Ba zan rufe wa ubanki gas a kan maganar Waltraud ba," na ce.

"Ba maganar Waltraud ba ce, ga ta nan a fuskarki."

"To sai na gani da idona."

"Wanne daga ciki?" ta ce, kuma da ba 'yata ba ce da na jefe ta da burodin. Bakin nan a wurina ta samo shi, ba ni da wanda zan kai wa kuka.

Kwanakin da suka biyo na zama ɓarauniya a cikin gidana, ina leƙen mijina ta gefen ƙofa. Na ga yana riƙe jarida nesa da fuska, sai na tuna haka yake riƙe ta tun Roswitha na makaranta. Na haɗa masa safa ɗaya kore ɗaya toka, ya sa abinsa ya fita, sai na tuna Ottmar bai taɓa sanin launin safarsa ba tun ranar aurenmu. Na yar da allura a tsakar ɗaki, ya tsallake ta ya wuce, na ce shi ke nan, bai gan ta ba. Da yamma na tarar da ita a soke a jikin matashin allurata, ba wanda ya ce mini komai. Na rasa abin kamawa, ga tsoro yana cina, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. A kwanakin nan har da kyanwa na yi.

Ranar Lahadi na yi dunƙulen dankali da gasasshen nama da jan kabeji, abin da ya fi so. Na bari ya ci rabi, don ba na son a ce na hana mutum abinci.

"Roswitha ta ce idonka ya tafi."

Ya ajiye cokali. Ottmar ba mai magana ba ne, numfashinsa duk a bututu ya ƙare, ni na riƙe wa gidan baki.

"Ke fa, me kika ce?"

"Na ce gobe ka yi mini sabo tana tsaye."

"Wanda ke fuskarki ko tsufa bai fara ba."

"Na sani."

Ya dubi farantinsa ya ce, "Ki ɗiga wa famfon nan mai kafin goben. Ya yi tauri, kada ki ji ciwo a hannu."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tashi na shiga kicin na huce a kan tukwane, har murfi ɗaya ya lotsa. Ina son mutumin nan, tsoho ne mai taurin kai da ba ya iya rataye hularsa a inda ya dace, kuma na san in na rufe masa wutar nan na kashe shi.

Da safe, da hasken arewa ya cika tagar ɗakin aiki, na zauna inda na saba zama, gwiwata na gogar famfon. Ban ɗiga masa mai ba. Na cire idon na sa a ɗan faranti. Roswitha ta tsaya jikin ƙofa ta harɗe hannu, fuskarta kamar ta zo karɓar gawa.

Ottmar ya kunna fitila, ya daidaita harshen wutar har ya yi shuɗi. Ya ɗauki farin bututu ya juya shi a ciki, ya ja, ya rufe gefe ɗaya, ya kai ɗayan bakinsa ya hura. Ƙwallo ta fito sumul, ba ta karkace ba. Na saci kallon Roswitha, ba ta motsa ba, don hura ƙwallo ko makaho a garin nan zai yi.

Duk shekarun nan in na zauna a kujerar nan ni ke surutu. In ba shi labarin wanda ya sha giya ya kwana a kwata, da wadda ta sayi labule irin nawa, shi kuwa ya yi ta aikinsa, kafin in gama an gama. Ranar ba ni da abin faɗa, sai na yi kallo. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Mai yin ido kowa ya sani, kallo ɗaya ga wuta, kallo ɗaya ga mutum, kansa sama da ƙasa kamar kaza na shan ruwa. Ottmar bai ɗago ba ko sau ɗaya. Ya ja aljihun tebur, hannunsa ya tafi kai tsaye kan wani ƙullin sandunan gilashi masu launi da aka ɗaure da jan zare, ya zaro kore, ya ɗiga, ya zaro wani ya fara ja masa layi. Kore shar ne, irin na ganyen farkon bazara.

Roswitha ta dube ni ta girgiza kai a hankali. Na kai hannu ƙarƙashin tebur na kama mariƙin. Sanyi ƙalau.

"Ottmar, dube ni."

"Na san shi."

"Ban tambaye ka ko ka san shi ba. Na ce ka ɗago ka dube ni."

"Hiltrud, gilashi zai huce."

"Ya huce mana. Hannuna na kan famfon nan, kana jina? Kada ka sa in juya shi alhali ko kallona ba ka yi ba. In ba ka gani ka ce ba ka gani, in kuwa kana gani to ga ni nan a gabanka, ba a cikin aljihun tebur nake ba."

Hannunsa ya tsaya. Ya dubi abin da ke kan bututun, ya daɗe, sannan ya sake shi cikin bokitin fasassu, na ji ƙas. Ya tura tabarau sama da bayan hannu ya matso da kujerarsa.

Na yi shekaru ina neman mutumin nan ya ajiye jarida ya kalle ni. Da ya kalle ni sai na rasa inda zan sa kaina, ga rami a buɗe, ga gashi ko gyarawa ban yi ba. Bai taɓa ni ba. Ya ce in dubi taga, na duba. Ya ce in dubi hancinsa, na duba. Sai ya fara magana ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake.

"Zoben toka ya rufe ta sama, ta ƙasa saura kaɗan. Koren ya koma kalar rafi in an yi ruwa. Wannan jijiyar ta kusurwa tun shekarar da kika yi mugun tarin nan ce. Wannan kuwa ta bana ce."

"Ka san duk wannan?"

"Da wa nake cin abinci kullum?"

Ya ture ƙullin jan zaren gefe, ya jawo babban akwatin sanduna wanda yake yi wa kowa aiki da shi. Ya ɗaga wannan kusa da fuskata, ya mayar, ya ɗaga wancan. Sannan ya hura sabuwar ƙwallo, kuma wannan karon kansa bai huta ba, wuta, ni, wuta, ni. Ya shimfiɗa kore mai duhu, ya ja masa toka siriri-siriri, ya ɗiga baƙin tsakiya, ya kewaye da zoben nan ya bar shi a buɗe kaɗan ta ƙasa. Ya shafa wa farin idon launin ruwan ƙwai, ya ɗauko jan zaren gilashi da bai kai gashin kai kauri ba ya kwantar da jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, har da ta tari, har da ta bana. Gumi na zuba a wuyansa. Ban san lokacin da na saki famfon ba, sai ganin hannuwana biyu na yi a kan cinya.

Ya yanke shi ya sa a 'yar tukunyar ɗumi don ya huce a hankali. Ya miƙa hannu ga farantin da na ajiye tsohon zai jefa a bokiti, yadda aka saba, don a garin nan ba a ajiye tsohon gilashi, tukunya yake komawa. Ban san abin da ya sa ba, na riga shi, na jefa a aljihun rigar aikina. Muka sha kofi mu uku muna jira.

Da ya huce Roswitha ce ta wanke shi ta sa mini. Ta ja ni bakin taga, ta kama haɓar nan tawa, ta juya dama ta juya hagu. Ta ja da baya, ta sake matsowa. Sai ta juya wajen ubanta.

"Ka yafe mini, Baba."

"Da kin gani kin yi shiru," ya ce, "da na ji kunyar koya miki."

Sai a lokacin fushina ya samu hanya. Na ce, "To in kana gani, wane irin wulaƙanci ne ka bar ni ina yawo a gari da ido biyu kowa da shekarunsa, har Waltraud ta samu abin faɗa a shagon burodi? Ka kusa sa ni in kashe ka da hannuna, ka sani?"

Ya rage wutar, ya tsaya yana goge bakin wani bututu da ba ya buƙatar gogewa.

"Duk wanda ya zo nan, mai lafiyar nake kwafa," ya ce, "don ban san wanda ya tafi ba. Naki na san shi."

"Me kake nufi ka san shi?"

"A wurin waƙar coci a hagunki nake tsayawa. Na daɗe ban ma san yadda na dama yake ba. Na hagun yana da ɗan ɗigon ruwan zuma kusa da baƙin, na dama ba shi da shi. Shi aka ɗauke miki, shi nake mayar miki. Bai kai tsufa ba, ta yaya zan tsofar da shi?"

Ɗigon nan na san shi, duk shekara yana nan. Ni na ɗauka alamar aikinsa ce, yadda wasu ke sa hannu a gindin kwalba. Ni da aka haifa da shi na manta ina da shi, wannan tsohon da bai san launin safarsa ba yana riƙe da shi tun muna waƙar coci. Na ce masa shi sakarai ne. Sai da na faɗa sau biyu, don na farkon muryata ba ta fita da kyau ba. Roswitha ta ce ta bar wani abu a mota, alhali a ƙasa ta zo.

Da ta fita na ɗauki madubin da ake ba masu zuwa, na tsaya a gabansa sosai. Wata tsohuwa na gani, idonta biyu sun gaji tare, ba wanda zai ce ɗaya na gilashi ne. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin ya yi wanda ya fi shi ba. Na ajiye madubin na je na ɗora abincin rana.

Gas ya zauna a buɗe. Yarinyar nan ta bayan dutse ta zo da uwarta, ya yi mata nata, daga baya suka aiko mana da kek ɗin biki. Ranar Asabar na tsaya wa Waltraud a hasken tagar shagon burodi da gangan, na ce ta duba da kyau. Ta duba, ta ce yanzu kam na yi kama da uwata. Na ce Allah ya jiƙanta, ita ma ba ta son Waltraud.

Na sa sabon idon har shekara ta zagayo, kowa ya huta. Da kaka ta yi, ganye ya fara zuba a kan matakala, na zauna a kujerar na ce masa, "Bana biyu za ka yi. Ɗaya na mutane, ɗaya irin na da."

Na ga kunnensa ya yi ja. Ya yi na mutane, ya fito daidai. Sannan ya jawo ƙullin jan zaren, ya hura ƙwallo, ya ɗiga kore. Ya ja layi, ya tsaya. Ya jefa a bokiti. Ya hura wata, wannan karon har ya kai baƙin tsakiya, sai na ga toka ta shiga inda ba a kira ta ba. Ya jefa. Na ɗauko wanda na ɓoye na ajiye masa a gaba na ce ya kwafa. Ya kwafa tsaf, har da ɗigon ruwan zuman, ya ɗaga shi a haske. Ni kaina na ga idon 'yar tsana ne.

"Wancan idon ya tafi, Hiltrud," ya ce. "A hannu yake, ba a kai ba. Na koya wa hannun sabo, ya saki wancan."

"Sake gwadawa."

"A da ba kwafa nake yi ba."

Ya kwance jan zaren, ya zuba sandunan cikin babban akwati tare da sauran, ya naɗe zaren ya sa a aljihu. Ban yi nadama ba, kuma ko yau aka mayar da ni kujerar nan haka zan yi. Mijina na kan fitilarsa, ina jin hucin wutarsa daga kicin duk safiya, Egon kuwa yana makabarta. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Saura ɗaya ke nan a duniya, wanda na fizge daga faranti. Yana cikin tsohon kofin shayi a bayan kwanuka. Ranar Lahadi in mun dawo daga coci, na rufe ƙofa, sai in cire na mutane in sa shi. Ya fara kaushi, yana cina, ramin na zubar da ruwa har kan kumatu, Roswitha ta ce in ta kama ni za ta fasa shi da guduma. Ta fara kama ni tukuna.

In na kawo dunƙulen dankali, ba na zama a wurina na kullum da ke fuskantarsa. Nakan ja kujera in zauna yadda Ottmar zai kasance a haguna.

"Cire shi," yakan ce, "yana cin ki."

"Ci abincinka," nakan ce.

Ta wannan gefen ba na ganinsa, ko hannunsa ba na gani. Amma ina jin lokacin da cokalinsa ke tsayawa, sai in bar nawa a faranti, in yi ta kallon bango har abincin ya huce.